Awa 12 ana cewa ciwon ciki ne: yadda zuciyar Janar Eisenhower ta ƙare

Daren Juma'a wayewar Asabar, 24 ga Satumba 1955, wajen ƙarfe biyu da rabi na dare, wani dattijo ɗan shekara 64 ya farka a gidan surukarsa dake birnin Denver a jihar Colorado ta Amurka yana dafe da ƙirji. Uwargidansa taji motsinsa ta leƙo, yace mata ƙirjinsa ke ciwo, ita kuma da yake tun da rana ya ci hambaga da ɗanyar albasa yana ta ƙorafin ciki, sai aka ɗauko farin maganin nan na ƙwarnafi aka bashi ya sha, irin dai abinda za'ayi a kowane gida, mu nan da kanwa za'a jiƙa. Dattijon nan kuwa Dwight Eisenhower ne, shugaban ƙasar Amurka mai ci a lokacin, Janar mai tauraro biyar wanda ya jagoranci sojojin ƙawance a Turai lokacin yaƙin duniya na biyu. Abinda ke damunsa a ƙirji kuma gudan jini ne ya toshe jijiyar dake ciyar da gaban zuciyarsa.

Abinda yasa na zaɓi labarinsa shine da wuya ka samu mara lafiyan da aka rubuta komai nasa kamar shi, tun daga wannan dare har ranar da ya rasu bayan shekara 13 da rabi, kuma duk abubuwa ukun da ke biyo bayan bugun zuciya sun same shi ɗaya bayan ɗaya: mutuwar wani ɓangare na tsokar zuciya, sai gudan jini, sai taruwar ruwa a jiki. Mu yawanci bugun zuciya a wajenmu ko dai mutum ya faɗi ace mutuwar fuju'a, ko ya tashi ace ya warke a zo barka. Na tsakiyar nan, wanda ya tashi amma zuciyar ta tashi da tabo, shi ba'a cika maganarsa ba.

Janar dai tun asali ya tara abubuwan da likitoci ke tsoro. Taba yake sha kamar ba gobe, lokacin yaƙi har kwali huɗu a rana, sai a 1949 ya daina ta rana ɗaya. Ga zuciya a kusa, duk wanda yayi aiki dashi ya san in ransa ya ɓaci jijiyoyin goshinsa har tashi suke. Ranar Juma'ar nan hutu yake, yana filin wasan golf na Cherry Hills, rami 27 ya buga, ana ta kiransa daga tsakiyar fili wai sakataren harkokin waje John Foster Dulles na kan waya, yaje ya dawo yaje ya dawo, har ransa ya ɓaci sosai. Tun a filin ya fara jin abin a ƙahon zuci ya ɗora laifin kan albasa.

Toh da uwargidansa Mamie taga abin yaƙi lafawa sai ta kira likitansa, Manjo Janar Howard Snyder, ɗan shekara 74, tsohon amininsa ne amma ba likitan zuciya bane. Nan ne fa labarin ya rabu biyu har yau. Shi Snyder daga baya cewa yayi tun zuwansa ya gane bugun zuciya ne, ya bashi mofin dan rage raɗaɗi, da maganin buɗe jijiya, da allurar hefarin mai hana jini daskarewa, ya barshi yayi barci dan kada a tayar da hankalinsa da na iyali da na ƙasa. Wani masanin tarihi kuma, Clarence Lasby, da ya bi takardun daga baya, cewa yayi a'a, mutumin nan ciwon ciki ya ɗauka, daga baya ne aka gyara labari. Ni dai na fi karkata wajen Lasby, dan likitan da ya san shugaban ƙasa na cikin bugun zuciya ba zai zauna dashi a ɗakin surukai har gari ya waye rana ta take ba, ga asibitin soja a kusa. Da safe ma abinda aka faɗa wa 'yan jarida shine ciki ne ya ɗan ɓaci. Sai da rana ta gota sannan aka kawo na'urar isiji mai auna bugawar zuciya daga asibitin soja na Fitzsimons aka jona masa, takarda ta fito ta nuna ƙarara gaban zuciyar ya samu matsala. Kusan awa 12 kenan.

Bari mu tsaya kan awa 12 ɗin nan dan duk abinda ya biyo baya daga nan ya samo asali. Zuciya duk da jini take turawa dare da rana, bugu wajen dubu 100 a kwana ɗaya, bata cin abinci daga jinin dake cikinta, tana da nata jijiyoyin guda uku manya da suka kwanta a jikinta ta waje suna ciyar da tsokar. Shekara da shekaru maiƙo na taruwa a cikin bangon jijiyoyin nan, ya zama kamar ƙurji mai siririyar fata a sama, kuma mutum zai iya yawo dashi shekara 20 baya jin komai. Ranar da fatar ta fashe, jini sai ya ɗauka rauni ne aka ji, yayi abinda ya saba yi in ka yanke da reza, wato ya daskare a wajen dan ya toshe. A yatsa wannan daskarewar rahama ce, amma a cikin jijiyar da faɗinta bai wuce milimita 3 ko 4 ba, gudan jinin sai ya cika hanyar gaba ɗaya, duk tsokar dake gaba ta rasa iska da abinci.

Tsokar bata mutuwa lokaci ɗaya. Bayan kamar minti 20 zuwa 30 ta cikin ciki take fara mutuwa, sai mutuwar ta riƙa cin gaba tana fitowa waje kamar wutar daji a hankali, zuwa awa 6 mafi yawan abinda zai mutu ya mutu, zuwa awa 12 kuwa kusan an gama. Kuma tsokar zuciya ba kamar fata bace ko hanta da ke sake tofowa, in ta mutu shikenan, tabo ne zai maye gurbinta cikin sati 6 zuwa 8, tabo kuwa baya matsewa baya tura jini, yana nan dai kamar facin taya.

Amma adalci, ko da Snyder ya kaishi asibiti tun ƙarfe uku na dare, a 1955 babu wanda zai iya buɗe jijiyar nan. Ɗakin kulawa na musamman na masu ciwon zuciya sai farkon shekarun 1960 aka fara. Zura siririn tiyo cikin jijiyar zuciya a hura balan-balan a buɗe ta, sai a 1977 Andreas Grüntzig ya fara yi a Zurich. Kai har gardama likitoci suka daɗe suna yi kan ko gudan jinin ne ke jawo bugun zuciya ko kuwa bayan tsokar ta mutu ne yake samuwa, sai a 1980 da DeWood da abokan aikinsa suka ɗauki hoton jijiyoyin mutanen dake cikin ciwon suka ga kashi 87 cikin ɗari na waɗanda aka duba cikin awa 4 na farko jijiyar a toshe take ruf. A 1988 kuma wani babban gwaji da akayi kan mutum sama da dubu 17 ya nuna asfirin ɗin nan mai araha shi kaɗai yana rage mutuwa da wajen kashi 23, in aka haɗa da allurar sitireftokainas mai narkar da gudan jini kuwa ragin ya kai wajen kashi 42. Kaga kenan yau awa 12 ɗin Janar sun fi zama asara fiye da zamaninsa, dan yau akwai abinda za'ayi a cikinsu, kuma mu ne har yanzu muke zama dasu a gida muna cewa olsa ce ta tashi, a sha madara a jira safiya, ga mutum na haɗa gumi ciwon na sauka hannun hagu yana hawa muƙamuƙi.

Mu koma Denver. Da ƙafarsa aka taimaka masa ya sauko ya shiga mota, aka kaishi Fitzsimons aka kwantar dashi a hawa na takwas cikin tantin oksijin. Aka ɗauko Kanar Thomas Mattingly likitan zuciya daga asibitin soja na Walter Reed, aka kuma ɗauko Paul Dudley White daga Boston, wanda a lokacin in ana maganar zuciya a Amurka shine gaba. Ranar Litinin 26 ga wata da kasuwar hannun jari ta New York ta buɗe sai ta rikito da kashi 6.5 cikin ɗari, wajen dala biliyan 14 suka bi iska a yini ɗaya. Shi kuma White ya zauna gaban 'yan jarida yayi musu karatu dalla-dalla kan yadda gudan jini ke toshe jijiya, har da sanar da duniya cewa shugaba yayi bayan gida lafiya lau, abinda shi Janar bai ji daɗinsa ba da labari ya iso masa. Ko ma dai menene, bayan ɓoye-ɓoyen ranar farko, daga nan aka koma faɗin gaskiya, wanda har yau shugabanni da yawa sun kasa.

Maganin da aka bashi shine hutu, oksijin, abinci mara maiƙo, sai maganin tsinka jini. Nan akwai labari mai daɗi. A shekarun 1920 shanu suka riƙa mutuwa a arewacin Amurka da Kanada, jini ya ɓalle musu yaƙi tsayawa, aka gano wata harawa ce da ta yi funfuna suke ci. A 1933 wani manomi ya kwaso jinin saniyarsa da yaƙi daskarewa a cikin garwar madara ya kai wa wani masani Karl Link a jami'ar Wisconsin, shi da ɗalibansa suka yi shekaru har suka ware sinadarin, daga cikin danginsa aka fitar da wafarin a 1948 aka fara saida shi a matsayin maganin ɓera. Eh, maganin ɓera. Sai a 1954 aka amince a ba mutane, shekara ɗaya kacal kafin ciwon Janar, kuma shan da yayi ne ya cire wa jama'a tsoro, aka ce in shugaban ƙasa zai sha toh kowa ma zai sha. Har gobe in kaje asibitin koyarwa zaka tarar da masu shan wafarin suna layin gwajin jini.

Me yasa sai an tsinka jinin tunda jijiyar ta riga ta toshe? Saboda gudan jini na farko ba shine na ƙarshe ba. A wancan zamanin mai bugun zuciya kwantar dashi ake sati 6, wani ko juyi ba'a so yayi da kansa, kuma suna da hujja, dan tsakanin kwana 3 zuwa 7 matacciyar tsokar laushi take kamar naman da ya dahu ya wuce, tabo bai kama ba, tana iya yagewa jini ya cika jakar da zuciya ke ciki ya matse ta, mutum ya tafi cikin mintuna. Amma doguwar kwanciyar ita ma kisa take, jini ya kwanta a jijiyoyin ƙwauri ya daskare, ƙafa ɗaya ta kumbura, ranar da aka ce mutum ya miƙe sai gudan ya ɓalle ya bi jini ya tafi ya toshe jijiyar huhu. Da yawa a wancan lokaci sun tsallake bugun zuciyar wannan ya kashe su. Tun 1952 Samuel Levine da Bernard Lown suka fara cewa a riƙa zaunar da mara lafiya a kujera, ana musu kallon masu ganganci. Janar ya samu wannan sassaucin, ana ɗaga shi a ɗora a kujera, amma sai da yayi kusan wata guda kafin ya fara takawa.

Akwai hotonsa da aka ɗauka a saman rufin asibitin cikin watan Oktoba, yana kan keken marasa lafiya yana murmushin nan nasa, sanye da jan kayan barci da 'yan jarida suka bashi kyauta, an ɗinka taurari biyar a wuya, a aljihu kuma an rubuta da zare cewa da sauƙi sosai, na gode. An so a sallame shi da wuri a turo shi a keke, yace sam, sai ya iya hawa matakalar jirgi da ƙafarsa. Ranar 11 ga Nuwamba ya fita, sati 7 cif. Ɗakin da ya kwanta har yau yana nan an maida shi wajen tarihi.

Kowa yace ya warke. Amma Mattingly yana kallon hotunan ƙirjin yana ganin wani abu da bai masa daɗi ba, wajen tabon ya fara turowa waje. Ka taɓa ganin tayar mashin da gefenta ya raunana tayi ƙululu, iska na tura wajen yana kumbura? Haka bangon zuciya yake yi in tabon yayi faɗi yayi siriri, duk bugun da zuciya tayi lafiyayyen ɓangare ya matse ciki, shi kuma tabon ya bulluƙo waje, jinin da ya kamata ya tafi jiki wani ya shige cikin aljihun nan. Likitoci na kiransa anyurizim. Mattingly baya son ya sake tsayawa takara. White kuma a watan Fabrairu 1956 ya faɗa wa duniya cewa yana ganin mutumin zai iya ƙara shekara 5 zuwa 10 yana aiki ka'in da na'in. Ranar 29 ga Fabrairu Janar yace zai sake tsayawa, a watan Yuni aka yi masa tiyatar hanji saboda wani ciwon daban, a Nuwamba ya sake kada Adlai Stevenson da rata mai yawa. In ka duba, kowanne cikin likitocin biyu yana da gaskiyarsa, shekarun da White ya faɗa an samu har da ƙari, aljihun da Mattingly ya hango kuma bai bar Janar haka nan ba.

Ana danganta wa Bajamushen likitan nan na ƙarni na 19 Rudolf Virchow bayanin cewa abu uku ke sa jini daskarewa a cikin jiki: ya daina gudu, ko bangon da yake gogawa ya samu rauni, ko shi kansa jinin yayi saurin kamawa. Duk wadda ta taɓa dama koko ta san na farkon, in kika daina motsawa gudaji zai yi. Toh cikin aljihun nan na zuciya duka ukun sun haɗu, jini na shiga yana juyawa a waje ɗaya, bangon ciki ya ƙuje, jikin kuma bayan ciwo a shirye yake ya daskarar. Sai gudan jini ya manne a bangon zuciya ta ciki, kuma an fi samun haka in gaban zuciya ne ya mutu, irin na Janar sak. Yana iya zama a wajen shekaru shiru. Matsalar ɗakin zuciyar da yake ciki shine ke tura jini zuwa duk jiki, dan haka in ɗan ɓarɓashi ya ɓantare, babu abinda zai tare shi, ko ya tafi ƙoda, ko hanji, ko ƙafa ta yi sanyi ta yi fari farat ɗaya, ko kuma ya haura ƙwaƙwalwa.

Ranar 25 ga Nuwamba 1957 Janar yaje filin jirgi ya taro Sarkin Maroko Muhammad na biyar, ya dawo ofis bayan cin abincin rana ya zauna zai sa hannu a takardu, sai jiri ya ɗebe shi, yaga rubutun kamar yana zamewa daga kan takarda, biro ya faɗi daga hannunsa ya kasa ɗauka. Ya danna ƙararrawa sakatariyarsa Ann Whitman ta shigo, ya buɗe baki zai mata bayani sai wasu kalmomi daban ke fitowa, ya san abinda yake son faɗa sarai amma bakin yaƙi bin umarni. Wani reshe na jijiyar ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ya toshe, inda magana take. Da daddare akwai liyafar sarkin, Janar ya dage sai yaje, da kyar aka hana shi, mataimakinsa Richard Nixon da Mamie suka tsaya a madadinsa. Likitoci da yawa da suka yi nazarin lamarin daga baya sun ɗora abin kan wancan aljihu na zuciya. Yayi sa'a ɗan ƙarami ne, hannu da ƙafa basu shanye ba, cikin kwanaki maganar ta dawo, a watan Disamba har Faris yaje taron ƙungiyar NATO, sai dai har ƙarshen rayuwarsa in ya gaji wata kalmar takan kuɓuce masa, abin yana ƙona masa rai.

Yau da na'urar eko ake hango irin wannan gudan, sikanin ne na zuciya irin wanda ake yi wa masu ciki, in an ganshi a ɗora mutum kan maganin tsinka jini kamar wata 3 a sake dubawa. Mai shan wafarin kuma dole ya riƙa gwajin da ake ce wa INR, ana son lambar ta tsaya tsakanin 2 da 3, in tayi ƙasa gudan jini, in tayi sama haɓo da zubar jini a ciki, kuma ganye da jiƙe-jiƙe da wasu magungunan kemis duk suna iya birkita ta. Shi yasa wanda ke kai bai kamata ya karɓi ko wane sassaƙe da 'yan dubiya suka kawo ba, komai girman wanda ya kawo.

Ya sauka daga mulki a Janairun 1961 ya koma gonarsa a Gettysburg, ya samu shekaru masu daɗi. Nuwamban 1965 a Augusta ta jihar Jojiya bugun ya dawo, shekara 10 kenan, daidai ƙarshen lissafin White. Afrilun 1968 a Kalifoniya ya sake, aka ɗauko shi zuwa Walter Reed a watan Mayu, kuma bai sake komawa gida ba. A Yuni wani, a Agusta wasu, jimilla bugun zuciya 7 aka ƙirga masa. A watan Agustan nan kuma wutar zuciyar ce ta rikice, dan gefen tabo waje ne da siginar bugun ke ɓata hanya, zuciyar sai ta daina bugawa ta kama karkarwa kawai, sau 14 ana jona masa shokin a ƙirji ana dawo dashi. Lokacin ba'a kai wata 9 da yin dashen zuciya na farko a duniya ba a Cape Town ta Afirka ta Kudu, har wasu Amurkawa lafiyayyu suka riƙa aiko da saƙo wai a cire tasu a saka masa.

Toh sai ruwa. Kowanne cikin bugun zuciyar nan 7 yanki yake ci daga tsokar, har aka kai inda abinda ya rage bai isa ya tura jinin ba. Lafiyayyar zuciya a kowane bugu tana fitar da kashi 55 zuwa 70 na jinin dake babban ɗakinta, in ya sauka ƙasa da 40 an shiga matsala. Ka ɗauka kwalbati ce ta toshe da damina, ruwan ba tsayawa zai yi ba, baya zai koma ya shiga gidajen mutane. Bayan ɓangaren hagu na zuciya kuwa huhu ne. Jini ya cunkushe a ƙananan jijiyoyin huhu, ruwan jinin ya fara tsattsafowa cikin 'yan jakunkunan da ya kamata iska ta shiga, likita in ya ɗora abin sauraro a bayan mutum zai ji ƙara kamar ana murza gashi kusa da kunne. Da farko haki in an hau bene, daga baya haki daga ɗaki zuwa banɗaki, sai mutum ya kasa kwanciya miƙe, filo ɗaya ya koma uku, ƙarfe biyun dare ya zabura ya zauna bakin gado yana neman taga kamar an danne shi, a wajenmu nan take wani zai ce dannau ne ko iska. In abin yayi tsanani har kaki mai kumfa ruwan hoda yake fitowa, wannan kam ko minti ɗaya ba'a jira.

Abin takaicin jikin da kansa yake ƙara wa kansa wuta. Ƙoda in taga jinin da ke iso mata ya ragu, bata san zuciya ce ta gaza ba, ɗauka take jini ne ya zube ko ƙishirwa ce, sai ta riƙe gishiri ta riƙe ruwa ta kuma sa jijiyoyi su tsuke. Zuciyar da ta kasa ɗaukar buhu ɗaya sai a ɗora mata biyu. Daga nan ɓangaren dama ma ya gaji, ruwan ya koma jiki, ƙafa ta kumbura ka danna da yatsa wajen ya lotsa ya daɗe bai dawo ba, takalmi ya daina shiga, hanta ta kumbura, ciki ya cika, jijiyar wuya ta miƙe. Sikeli yakan riga ido gani, wanda ya ƙara kilo 2 cikin kwana 3 ba ƙiba yayi ba. Shi yasa ake ba da Lasix, ƙwayar nan da marasa lafiya ke ce wa maganin fitsari, shi yasa kuma ake hana gishiri, kuma gishiri ba wanda ake barbaɗawa kaɗai ba, dunƙulen miya da kanwa da yajin tsire duk sahu ɗaya suke. Likitocin Zariya tun shekarun 1970 suka rubuta yadda kunun kanwa da wankan jego ke da hannu a kumburin da ke kama masu jego, hanyar da aka bi daban ce amma ruwan iri ɗaya ne. A ƙasarmu ma dai hawan jinin da aka yi sakaci dashi ya fi toshewar jijiya kai mutane wannan hali.

Akwai wani ruwan kuma na daban da ya kamata a sani dan kada a haɗa su, shi a cikin jakar da ta lulluɓe zuciya yake taruwa, ko a kwanakin farko saboda kumburin wajen da ya mutu, ko bayan sati 2 zuwa 10 in garkuwar jiki ta juya kan zuciyar, da zazzaɓi da ciwon ƙirji mai suka wanda ke sauƙi in mutum ya zauna ya sunkuya gaba. William Dressler ne ya bayyana shi a 1956, kuma tunda aka fara buɗe jijiya da wuri ya ragu sosai.

Na Janar dai na gazawar famfo ne. A Fabrairun 1969 hanjinsa ya toshe saboda tabon tsofaffin tiyata, dole aka sake yanka shi, zuciyar ta daure aka fito, sai ciwon huhu ya biyo baya, cikin watan Maris ruwa ya fara cin ƙarfin magani. Mamie tana wani ɗan ɗaki kusa da nasa, wata 10 tana zaune a asibitin. Ranar 28 ga Maris 1969 da rana ya cika, yana da shekara 78.

Da aka buɗe gawar dan bincike sai aka tarar da wani abu da duk manyan likitocin nan basu taɓa ganowa ba yana raye. A jikin 'yar halittar nan dake zaune a saman ƙoda kamar hula, wadda ke fitar da sinadarin adirenalin, akwai wani ƙari ɗan mitsitsi, santimita 1.5, bai wuce girman gyaɗa ba. Irin wannan ƙarin yakan riƙa watso sinadarin cikin jini lokaci-lokaci, hawan jini yayi tsalle ba gaira ba dalili sannan ya sauka, kuma an sha ganin awon jinin Janar yana irin wannan hawa da saukar.